YAWON BUƊE IDO A KARKARA: ABIN DA ƘASAR MUBI TA TANADAR WA BAƘO

Gabatarwa

Idan aka ambaci yawon buɗe ido, abin da yakan faɗo wa yawancin mutanenmu a rai shi ne Bature rataye da kyamara, ko kuwa attajirin da ya hau jirgin sama zuwa Ingila ko Dubai. Wannan fahimta ba ta cika ba. Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar garinsu na ɗan lokaci domin ya ga yadda wasu suke zaune, ya ci abincinsu, ya dubi aikin hannunsu, ya kuma san itatuwa da dabbobin da ke ƙasarsu. Malamin makaranta daga Gusau yana iya yinsa, haka ma ɗan kasuwa daga Kano, ko ɗaliban wata sakandare daga Bauci.

An shirya wannan ɗan littafi ne don a nuna wa jama'a cewa irin wannan yawo a cikin ƙauyukanmu yana da amfani biyu. Baƙo yana ƙaruwa da ilimi, mai masauki kuwa yana samun kuɗin da zai sa ya riƙe sana'arsa da abincinsa na gado, ya kuma kula da dajin da ke kewaye da shi. Mun ɗauki ƙasar Mubi ta Jihar Adamawa a matsayin misali, domin a can abubuwan nan uku suna tare wuri ɗaya, kuma a can ne ake iya ganin irin hasarar da akan yi idan aka yi sakaci da su.

Ina Mubi take?

Garin Mubi yana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, waɗanda suka raba Nijeriya da Kamaru. Kogin Yedzaram ya ratsa ta nan ya nufi arewa. Wanda ya taso daga Yola zai yi tafiyar kimanin kilomita 200, ya bi ta Song da Gombi da Hong, sa'an nan ya karkata gabas a Mararrabar Mubi. Wanda ya miƙe arewa daga mararrabar nan kuwa zai isa Uba da Michika da Gulak da Madagali.

Mutanen wannan yanki iri-iri ne. Akwai Gude da Fali da Njanyi, akwai Kilba da Margi da Higi waɗanda ke kiran kansu Kamwe, akwai kuma Fulani da Hausawa da Barebari. Kowace al'umma da harshenta, amma Hausa da Fillanci su ne harsunan kasuwa, saboda haka baƙon da ke jin Hausa ba zai rasa abokin magana ba.

Tarihin shigar wannan yanki cikin Nijeriya abin sani ne. A farkon ƙarni na 20 yana ƙarƙashin mulkin Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka danƙa wa Ingila riƙonsa. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi su kasance cikin Nijeriya. Ranar 1 ga Yuni 1961 suka shigo, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Daga nan ya shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sai Gongola a 1976, sai Adamawa a 1991. Watau dai waɗannan mutane ne da suka zama 'yan Nijeriya da ƙuri'arsu. Ya kamata sauran 'yan ƙasa su san su.

Abinci

Ba a sanin mutane sai an ci tuwonsu. Babban abincin ƙasar Mubi dawa ce, sai gero da masara da wake, ga kuma gyaɗa da riɗi da gujiya da aya. Abin da zai fi ba baƙo sha'awa shi ne yadda ake noma su a kan dutse. Mutanen tudu sukan jera duwatsu su yi ƙananan katangu a jikin gangare, su mai da shi gonaki hawa-hawa kamar matakala. Idan ruwan sama ya sauko, katangun nan suna rage masa gudu, sai ya nutse cikin ƙasa maimakon ya kwashe ta. Takin dabbobin gida ake ɗauka a kai can, kuma akan bar itatuwa irin su gawo a cikin gona, domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana. Duk shekara sai an gyara katangun kafin shuka. Manomin da zaizayar ƙasa ta dame shi a Katsina ko Filato zai sami darasi a nan wanda ba a biyan kuɗin makaranta a kansa.

Cikin abubuwan da aka san Adamawa da su akwai kunun gyaɗa. Akan niƙa gyaɗa a tace ruwanta, a dafa, a zuba shinkafa ko ƙullun gero, a kawo ruwan tsamiya ko na lemon tsami a daidaita shi. Ana shan sa da safe, ana ba mai jego da marar lafiya, kuma da wuya a yi buɗe-baki da azumi ba tare da shi ba. Akwai miyar Margi, wadda ake yi da kifi da yakuwa da alayyafo, sunanta ya kai har manyan birane. Akwai kuma daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa maimakon kalwa. Wurin Fulani kuwa ga kindirmo da man shanu da fura.

Nama ba ya wuya a Mubi, domin kasuwar shanunta tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Ana kawo shanu daga Kamaru da Cadi, ana lodinsu a manyan motoci zuwa kudancin Nijeriya. Baƙo zai ga gudali, da jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni, da fararen bunaji, ya ga yadda dillalai ke ƙulla ciniki. Daga nan sai ya wuce wurin masu tsire da balangu da kilishi.

Me ya sa muka damu da baƙo ya ci waɗannan abubuwa? Dalili shi ne, abincin da ba a saye, a hankali akan daina yinsa. Taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano na kanti sun shiga kowane ƙauye. Matar da ta iya daddawar batso, in ba ta da masu saye, 'yarta ba za ta ga dalilin koyo ba. Amma idan matafiya suka riƙa tambayarta, suna saye suna kai tsaraba, to sana'ar ta sami dalilin rayuwa.

Sana'o'in hannu

A wurin al'ummomi da dama na duwatsun Mandara, ƙira sana'ar gado ce ta wasu gidaje, kuma sau da yawa matan maƙera su ne magina tukwane. Da hannu suke gina tulu da randa da kasko, ba da na'ura ba, su goge su da dutse mai santsi, su tara su a fili su gasa da itace da ciyawa. Maƙeran kuwa suna yin fartanya da lauje da gatari daidai da ƙasar dutse. Akwai kuma masu zubin tagulla. Sukan fara siffanta abin da suke so da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya fita, sa'an nan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da yake sai an fasa yumɓun kafin a fid da kayan, ba a samun guda biyu da suka zama iri ɗaya sak.

Zanen ƙwarya ma sana'a ce mai daraja a Adamawa. Akan yi shi da wuƙa mai zafi, a ƙona zane a bayan ƙwarya. Matan Fulani sun shahara da shi, haka ma mutanen Ga'anda da ke yankin Gombi. Ban da wannan akwai saƙar tabarma da faifai da kwando, da dukanci, da saƙar zaren auduga.

Wurin da ya fi kowane suna a wannan yanki shi ne Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali. Gari ne a kan dutse, tsayinsa daga teku ya ɗara mita 1,000, kuma da ƙafa ake hawansa ta wata hanya da kakannin mutanen suka shimfiɗe da falalen duwatsu. A can sama akwai gidan sarkinsu, wanda suke kira Hidi, an kewaye shi da katangar dutse da aka jera ba siminti. Akwai rumbuna, da masussukai, da ramukan da aka gina da dutse inda ake turke bijimai ana kiwata su. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Kurmin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke lura da wurin tare da mutanen garin.

Arzikin Sukur a da ƙarfe ne. Akan tara baƙin yashi mai tama daga cikin rafuffuka, a wanke shi, a ƙona gawayi mai yawa. Murhun narkarwar na yumɓu ne, mai zuga yana zaune daga sama, iska tana bi ta wani dogon bututu zuwa cikin wutar. Ƙarfen da aka samu fatake suke saye su kai ƙasar Barno da sauran wurare. Amma da tsofaffin ƙarafan motoci suka yawaita a kasuwa da araha, wajen tsakiyar ƙarni na 20, sai aka daina narkar da tama. Yau sai dai a nuna wa baƙo kufan murhu. Ilimin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa ya kau cikin rayuwar mutum ɗaya.

Wannan gargaɗi ne. Abin da tsohon ƙarfen mota ya yi wa masu narkar da tama, shi robobi da kwanonin kanti suke shirin yi wa magina tukwane da masu ƙwarya. Ba wanda zai hana mace sayen bokitin roba, domin ya fi tulu sauƙin ɗauka. Abin da zai ceci sana'ar shi ne sabuwar kasuwa, watau mutanen birni da ke son randa don sanyin ruwanta, ko ƙwarya don ado, kuma suke shirye su biya kuɗin da ya dace da wahalar aikin.

Namun daji da tsuntsaye

Kada baƙo ya zo Mubi da tsammanin ganin zaki ko giwa a bakin hanya. Manyan namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai a wannan yanki saboda farauta da ƙunar daji da saran itace. Amma mai haƙuri da ya fita da sassafe cikin duwatsu yana iya ganin gwaggon biri da jan biri, da rema tana shan hantsi a kan fā, da damo da guza, da zabin daji da makwarwa. Kafin saukar damina shamuwa takan iso ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, kuma tun kaka da kakanni ba a taɓa ta, domin zuwanta albishir ne na ruwa. Wannan ya nuna cewa kare halitta ba baƙon abu ba ne a al'adunmu.

Ungulu kuwa ba ta yi irin wannan sa'a ba. Dattawa suna tuna lokacin da ba a raba mahauta da ungulu a kowace kasuwa. Yanzu akwai garuruwa da yawa da yaro zai girma bai gan ta ba. Guba da ake sa wa mushe, da kamun da ake yi mata don sayar wa masu magani, su suka rage ta. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa irin ungulun da muka saba gani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ita ce kuwa take cinye mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Tun 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka mai lamba 11 wadda ta hana ko ta ƙayyade kamawa da cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, an kuma ƙara tsananta hukuncinta a 2016.

Wanda yake son ganin manyan dabbobi sai ya nufi kudancin jihar. Akwai dorina a tafkin madatsar ruwa ta Kiri a kan Kogin Gongola. Can gaba kuma akwai Gandun Daji na Ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 a tsakanin Adamawa da Taraba. Shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa akwai ɓauna da gwanki da birin nan mai kama da mutum, kuma a can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan.

Hujjar da ta haɗa namun daji da yawon buɗe ido mai sauƙi ce. Dabbar da aka harbe sau ɗaya ake cin kuɗinta. Wadda aka bari da rai kuwa, duk baƙon da ya zo sai ya biya ɗan jagora ya nuna masa ita. Maharbin da ya san sawu da makwanci, ba wanda ya fi shi dacewa da wannan aiki.

Maganar tsaro

Ba za a ɓoye wa jama'a gaskiya ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama garin Mubi, dubban mutane suka gudu, har sai da sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato shi a watan Nuwamba. A ƙarshen wannan shekara aka kai wa Sukur hari, aka ƙona gidaje, har da ɓarna a gidan Hidi. Bayan haka mutane sun koma, kasuwanni sun ci gaba da ci, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi sun koma karatu. Duk da haka akan kai hari jefi-jefi a wasu ƙauyukan da ke kusa da dajin Sambisa. Lalle ne duk mai niyyar zuwa, musamman yankin Madagali, ya nemi shawarar jami'an tsaro da hukumomin wurin kafin ya tashi.

Akwai darasi daga maƙwabtanmu. A hayin iyaka, cikin Kamaru, akwai ƙauyen Rumsiki na mutanen Kapsiki, waɗanda 'yan'uwan Kamwe ne. Shekara da shekaru Turawa suna tururuwa can don ganin dogayen duwatsunsa. Amma da aka sace wasu Faransawa kusa da gandun dajin Waza a 2013, sai baƙin ƙetare suka ɗauke ƙafa daga yankin, masu masauki da 'yan jagora suka rasa abin yi. Baƙon nesa da labari ɗaya yake gudu. Saboda haka harkar da za ta ɗore ita ce wadda aka gina a kan baƙi 'yan ƙasa, kamar ɗalibai da malamai da ma'aikata da masu yi wa ƙasa hidima.

Shawara ga mai ziyara

1. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, hanyoyi sun bushe, zafin bazara bai shigo ba. A riƙe rigar sanyi saboda hunturu a kan dutse.

2. Idan kun isa ƙauye, ku fara gaida mai gari ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi ɗan jagora daga cikin mutanen wurin, ku kuma biya shi haƙƙinsa.

3. Kada ku yi tafiyar dare. Ku riƙe katin shaida, kada kuma ku ƙetare iyaka sai ta hanyar da hukuma ta sani.

4. Kada ku ɗauki hoton mutum ko gidansa sai da izininsa. A wannan yanki akwai Musulmi da Kirista da masu bin al'adun gargajiya. Wurin da aka ce ba a shiga, kada ku shiga. Abin da ba ku ci ko ba ku sha, ku ƙi shi cikin ladabi.

5. Ku sayi kaya daga hannun wanda ya yi su. Ku yi tayi, amma kada ku karya wa mai sana'a gwiwa. Tukunyar da kuke gani ta ci kwanaki kafin ta fito.

6. Kada ku sayi tsofaffin kayan tarihi ko na wuraren ibada. Doka ta hana cinikinsu da fitar da su ba da izini ba.

7. Kada ku sayi fata ko ƙwai ko 'ya'yan namun daji. Kada ku yar da leda, kada ku bar wuta a daji.

8. Kada ku saba wa yara da roƙo ta hanyar raba musu kuɗi. Wanda yake da niyyar alheri ya kai wa makaranta ko asibitin garin.

Shawara ga masu masauki da hukumomi

Baƙo ba ya bukatar bene. Abin da yake nema shi ne ɗaki mai tsabta, da ruwan sha mai kyau, da makewayi, da farashin da ba ya canjawa don an ga baƙuwar fuska. Yana da kyau masu sana'a su haɗa kai su kafa ƙungiya, su ware rumfa ɗaya inda za a sami kayansu. Abin da aka karɓa a hannun baƙi da sunan gari a rubuta shi, a kashe shi a kan abin da kowa zai gani, kamar gyaran rijiya ko hanya. In kuɗin ya tsaya a aljihun mutum biyu ko uku, sauran jama'a ba za su ga dalilin barin itace ko dabba ba. Kada kuma son ciniki ya sa a riƙa yin aikin gaggawa marar inganci, domin baƙon da aka cuta sau ɗaya zai faɗa wa goma.

Ƙananan hukumomi su kula da hanyoyin shiga ƙauyuka, su kafa alluna da Hausa da Turanci. Shugabannin makarantu su sa ziyarar irin waɗannan wurare cikin shirinsu na shekara, idan hali na tsaro ya ba da dama. Ranar 27 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Yawon Buɗe Ido ta Duniya, ana iya amfani da ita a shirya baje kolin abinci da kayan hannu.

Kammalawa

Abin da aka faɗa game da Mubi ya shafi kowane yanki na ƙasar nan. Babu jihar da ba ta da ƙauyen da ya iya wani abinci, ko wata sana'a, ko yake kusa da wani daji mai abin kallo. Murhun tama na Sukur ya riga ya mutu, amma maginiyar tukunya tana nan, mai zanen ƙwarya yana nan, shamuwa kuma tana zuwa duk shekara. Ko jikokinmu za su same su, wannan ya dogara ga abin da muka yi yanzu. Wanda ya sami hutu da ɗan guzuri, ya tambayi lafiyar hanya, ya je ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.